YADDA ZA MU YI WA LITTATTAFANMU TADARISHI DA SAURAN KAYAN KARATU DA KWALI



Godiya ta tabbata ga Allah da ya koyar da mutum rubutu, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ƴan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan ɗan littafi na ƙarshen shekara, darasin da na kawo a kan aikin kwali ne, wato yadda za mu yi tadarishi da alamar karatu da katunan hadda da hannunmu.

Bari in fara da abin da ya sa na shiga wannan aiki. A gidanmu akwai Risala rubutun hannu da muka gada daga kakanmu, Allah ya jiƙansa. Warƙa-warƙa take, ba a ɗinke ta ba. Tadarishinta ya daɗe da mutuwa, sai aka riƙa ɗaure ta da tsumma. Bara da farkon damina na fito da ita zaure ina dubawa, aka kira ni cikin gida, na tashi na bar ta a buɗe. Kafin in dawo iskar hadari ta taso ta watsa ta. Muka bi muna tsinta har bakin titi, amma warƙa biyu har yau ba mu gan su ba. Babana bai buge ni ba, abin da ya ce kawai shi ne in nemi yadda ragowar ba za ta ɓace a hannuna ba. Wallahi da ya buge ni da ya fi mini sauƙi. Daga nan na je na zauna wurin wani dattijo baduku a unguwarmu na ga yadda yake yi da fata, na dawo na gwada da kwali da ƙyalle, tunda su ne ɗalibi zai iya samu ba tare da kuɗi mai yawa ba.

Kaɗan daga tarihin takarda

Asalin takarda daga ƙasar Sin take. Ana danganta gyara yadda ake yin ta ga wani ma'aikacin fada mai suna Tsai Lun a shekara ta 105 miladiyya. Daga baya sana'ar ta shigo ƙasashen Musulmi ta Samarƙandu, kuma zuwa ƙarshen ƙarni na 8, zamanin Haruna Rashid, ana yin takarda a Bagadaza. Masu sana'ar takarda da kwafar littattafai ana kiransu warraƙai. A nan ƙasarmu kuwa, yawancin takardar da malamanmu na ƙarni na 19 suka yi rubutu a kanta a Italiya aka yi ta, ta biyo ta Tarabulus ta ratso Sahara a kan raƙuma, ta Agadas da Damagaram har Kano. In ka ɗaga irin wannan takarda wajen haske za ka ga alamar jinjirin wata guda uku a cikinta. Kun ga abin da ya yi irin wannan tafiya ba zai yi araha ba, shi ya sa magabata suke tattalinsa, su yi masa tadarishi, su sa shi a gafaka, su rataye a sama.

Akwai wata hikima tasu da ta cece mu ranar da iska ta watsa littafin. A ƙasan bayan kowace warƙa marubuci yakan rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye. Da wannan muka jera littafin, da shi kuma muka gane wuraren da aka yi asara.

Sanin kwali kafin a taɓa shi

Ana auna kaurin takarda da nauyinta, wato giram nawa mita ɗaya murabba'i take yi. Takardar fotokopi da muka sani giram 80 ce. Kwali mai laushi da muke kira biristol yakan kama daga giram 160 zuwa 300, shi ne na katuna da ado. Na tadarishi kuwa sai mai tauri, kamar bangon tsohon rajista ko bayan kalanda. Katon na taliya ko na sabulu da ake samu a butik shi ma yana yi, amma cikinsa rami-rami ne, yana lotsewa. In shi kaɗai ka samu, ka manna biyu, layin ɗaya a tsaye na ɗayan a kwance, sai ya yi ƙarfi.

Abu na biyu, kowane kwali yana da ɓangaren da yake son lanƙwasa. Ka riƙe shi ka ɗan tanƙwara ta tsawo, sannan ta faɗi, za ka ji ɗaya ya fi sauƙi. Dalili shi ne zarurrukan da ke cikinsa sun kwanta ta fuska ɗaya tun daga injin da ya yi shi. To ka sa ninkinka ya bi wannan ɓangare mai sauƙi, in ka saɓa masa bakin ninkin zai tsattsage.

Abu na uku, ba a ninke biristol haka kawai. Sai ka ɗora ma'auni a kan layin, ka bi shi da bik wanda tawadarsa ta ƙare, ka danna har ya yi ɗan kwari, sannan ka ninke. Wajen yanka kuma, ka sa katako a ƙasa, ka bi layi da reza sau uku ko huɗu a hankali, kada ka ce sai ka yanke a tashi ɗaya. Yatsunka su kasance a kan ma'auni nesa da baki. Ƙannenmu ƴan ƙananan azuzuwa su tsaya ga almakashi, reza ta manya ce.

Sai abin mannawa. Farin kol irin na kafintoci ya fi kyau. In babu, a dama cokali ɗaya na garin rogo ko fulawa da cokali biyar na ruwa, a ɗora a wuta ana juyawa har ya yi kauri kamar koko, a bari ya huce. Sai dai wannan abinci ne ga kyankyasai da gara da ɓeraye, don haka a shafa kaɗan, a bari ya bushe sarai.

Aiki na farko: tadarishi

Mu ɗauka littafinka faɗinsa santimita 14 ne, tsawonsa 20, kaurinsa 2. Za ka yanka kwali mai tauri gida biyar, dukkansu tsawon santimita 21. Bango biyu masu faɗin 15 kowanne. Gadon baya na farko mai faɗin 2. Gadon baya na biyu mai faɗin 2 da rabi. Sai harshe mai faɗin 7, wanda za ka yanke kusurwoyinsa biyu na waje ya yi tsini a tsakiya. An ƙara santimita ɗaya a kan girman littafin ne don bango ya ɗan zarce bakin takardu ya kare su.

Ka samo ƙyalle mai ƙarfi, ragowar atamfa ko shadda daga wurin tela, faɗi 48 tsawo 25. Ka shimfiɗa shi fuskarsa a ƙasa. Ka jera kwalayen a kansa kamar haka: bango, gadon baya na farko, bango, gadon baya na biyu, harshe. Tsakanin kowane biyu ka bar rabin santimita, nan ne zai riƙa lanƙwasawa, in ka matse su tadarishin ba zai rufu ba. Wannan kuskuren na yi a gwajina na farko. Ka zana wurin kowanne da fensir, sannan ka shafa kol a jikin kwali, ba a jikin ƙyalle ba, ka manna ka goge da tafin hannu daga tsakiya zuwa baki.

Ƙyallen zai rage kusan santimita 2 a kowane gefe. Ka yanke kusurwoyinsa a karkace, amma ka bar ɗan abin da zai rufe bakin kwali, sannan ka naɗo gefunan ciki ka manna. Wajen harshe ka rage ƙyallen ya bi siffar tsinin. Ka huda rami kusa da tsinin da basilla, ka zura igiya ko tsirin fata mai tsawon santimita 80, ka baje ƙarshenta ta ciki ka manne. Daga nan ka manna ƙyalle a kan gadon bayan nan biyu ta ciki, ka tura shi cikin ramukan da bayan cokali. A ƙarshe ka yanka biristol 14 da 20 guda biyu ka rufe cikin bangon, ka yanka wani daidai harshe.

Wannan rufin na ciki ba don kyau kawai ake yinsa ba. Kwali in aka jiƙa fuskarsa ɗaya da kol, yana bushewa zai lanƙwashe ta wannan fuska. In aka manna masa abu ta fuska biyu sai jan ya daidaita. Ka shimfiɗa aikin a buɗe, ka sa leda sama da ƙasa, ka ɗora katako da dutse ko bulo, ya kwana. Da hunturu kwana ɗaya ya isa, da damina ka ba shi biyu ko uku. Kada ka sa littafi a ciki yana da sauran danshi, domin tawadarmu ta allo da ta rubutun hannu ruwa yana narkar da ita. Ya bushe, ka sa littafin a kan bango na biyu, ka rufe da na farko, ka kifa harshe a sama, ka naɗe da igiya.

Aiki na biyu: alamar karatu da tauraro

Da yawanmu muna ninke kunnen takarda ko mu cusa bik a tsakiyar Mus'hafi don kada mu manta inda muka tsaya. Ninki yana karya takarda, bik yana ɓalle ɗinki. Ka yanka biristol faɗi 4 tsawo 15, ka zagaye kusurwoyinsa da almakashi, ka huda sama ka sa zare mai launi. Shi ke nan.

In kana son ado, ka yi tauraro mai tsini takwas, irin wanda muke gani a Mus'hafi yana nuna rubu'in hizbi. Ka yanka murabba'i biyu masu girma ɗaya, na alamar karatu santimita 2 da rabi, na bangon tadarishi 6. A kan na farko ka zana layi biyu da suka raba shi ta tsakiyar gefuna. A kan na biyu ka zana layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. Ka ɗora na biyu a kan na farko yadda kusurwoyinsa za su hau layukan na farko, tsakiya ta hau tsakiya, ka manna. In launinsu ya bambanta ya fi fitowa. Da irin wannan zane da launukan zayyana da muka sani, ja da ɗorawa da baƙi, mutum zai yi ado mai kyau ba tare da ya zana mai rai ba.

Aiki na uku: katunan hadda da akwatinsu

Biristol mai girman A4, wato 21 da 29.7, in ka raba shi biyu, ka sake rabawa, ka sake, zai ba ka kati 8, kowanne 7.4 da 10.5. A fuska ɗaya ka rubuta kalmar Larabci, a baya ma'anarta da jam'inta. Ko fi'ili a gaba, mudari'insa da masdarinsa a baya. Ko tambaya daga Ajurumiyya ko Ahalari, amsa a baya.

Akwatin kuma, ka yanka biristol mai kauri 21 da rabi da 16. Ka ja layin ninki santimita 5 daga kowane gefe na huɗun. Tsakiya zai rage 11 da rabi da 6, shi ne gindin akwati. A kowace kusurwa za ka ga murabba'i, ka yanka gefensa ɗaya kawai, ka tayar da bangaye, ka shigar da murabba'an ciki ka manna. Ka sa kati biyu masu ɗan tsawo su raba akwatin gida uku. Gidan farko na abin da ba ka riƙe ba, kullum za ka duba shi. Na biyu bayan kwana uku. Na uku ranar Alhamis kawai. Katin da ka amsa daidai ya matsa gaba, wanda ka kuskure ya koma gidan farko ko daga ina yake. Amfanin wannan shi ne lokacinka ya tafi kan abin da yake ba ka wuya. Ni da shi na riƙe babukan sarfu da suka hana ni barci a zangon farko.

Ladubban da za mu kiyaye

Kada mu yi cikon bango ko shimfiɗar yanka da takardar da ke ɗauke da aya ko hadisi ko sunan Allah, tsohuwar kalanda ma a duba ta da kyau kafin a sa mata reza. Kada mu rubuta aya a kan alamar karatu ko kati, don waɗannan suna faɗuwa ƙasa, yara su ɗauka, ko su shiga aljihu a je da su inda bai dace ba. Sunanka da ajinka sun isa. Tsohon littafi na gado kuma kada a manna masa salatif ko a shafa masa kol don ya yage, bayan ƴan shekaru wurin yakan yi ja ya ci rubutun. A bar warƙar yadda take a cikin tadarishi. Guntayen kwali a tara su a leda, na yau da aka raina shi ne tauraron gobe.

Shawarata ga ƴan ajinmu, a wannan hutu kowa ya duba gidansu. Da wuya a rasa wani Ishmawi ko Iziyya ko Alƙur'ani na kaka da ke kwance cikin kwano ko ƙarƙashin katifa babu bango. A nemi izinin manya, a auna, a yi masa tadarishi. Na farko zai karkace, nawa ma ya karkace, sai a na uku na yarda na sa Risalar kakanmu a ciki. Wanda ya maƙale a wani mataki ya same ni bayan darasin la'asar da kwalinsa mu yi tare.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni, ina roƙon malamaina su gyara mini. Allah ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rubuta mana littattafan nan da hannunsu, ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.