Mai Juna Biyu da Batun Rage Ƙiba

Uwargida, lokacin goyon ciki ba na rage ƙiba ba ne, don haka ki nisanci shayin rage teɓa. Mace mai matsakaicin jiki takan ƙaru da kimanin kilo 11 zuwa 16 kafin haihuwa. Mai ƙiba sosai kuwa, kilo 5 zuwa 9 sun wadatar. Shi ya sa ake ɗora ki a sikeli ranar awo.

Wasu kan rage ci wai kada ɗa ya yi girma. Wannan na jawo ƙarancin jini da haihuwar jariri marar nauyi. Ki ci wake, ƙwai, kifi da zogale, ki rage lemon kwalba. Ki riƙa tattaki na minti 30 tare da maƙwabta, kwana 5 a mako. In kika ga jini ko jiri ya kama ki, ki garzayo asibiti.