Rawa nake karantawa, amma zuciyata na ga tsara gari

Gwaggo, ni 'yar Bakura ce, ina digiri na biyu a sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, bincikena a kan tsara rawa. Baba ya ce ba zai iya buɗe baki a majalisa ya ce rawa 'yarsa take karantawa ba. Ni kuwa duk ranar kasuwar Talatar Mafara, in na ga yadda masu kura da 'yan kabu-kabu da masu tallar fura ke goce wa juna, sai in ji aikin tsara gari nake so. In watsar da karatun in sake sabon lale?

'Yarki daga Bakura

'Yata, kada ki watsar. Idon da kika horar, mai gane inda ƙafa za ta sauka da inda mutum biyu za su yi karo, shi masu zane a ofis suka fi rasawa. A Amurka, Lawrence Halprin mai tsara filaye ya daɗe yana aiki da matarsa Anna, gwanar rawa, har ya ƙirƙiro hanyar rubuta motsin jama'a a takarda. Gidan wasan nan na ginin ƙasa da kike shiga a Samaru ma, Steven Ehrlich ya zana shi a shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe.

Sai dai digirin rawa ba zai ba ki ikon sa hannu a taswira ba, sai da rajistar hukumar masu tsara birane, TOPREC. Sashen tsara birane na cikin jami'arku. Je ki tambayi sharuɗɗan shiga. Kafin nan, roƙi malaminki ki karkata binciken zuwa kasuwar. Zauna tun hantsi har la'asar, ki zana inda ake sauke buhunan shinkafa, inda mata ke tsallaka titin Gusau zuwa Sakkwato da goyo, da sa'ar da hanya ke cushewa. Yankinku ya san illar tsarin da bai saurari mutane ba: an gama madatsar Bakolori a 1978, aka tashi manoma, a 1980 aka zubar da jini.

Baba kuwa, kada ki ja da shi. Mutuncinki yake karewa. Nemi kawunki ya raka ki, ki shimfiɗa masa zanen kasuwar a tabarma, ki tambaye shi inda shi yake ganin ya kamata a mayar da tashar mota.