Darasi: Lafiya hakkin kowa ce

Ciwo bai san na kusa da na nesa ba. Amma magani ya sani. Mutumin da ke zaune gefen asibiti yana zuwa da ƙafa. Mai naƙuda da ke ruga ko tunga sai an nemo mata amalanke. In damina ce, gulbi ya cika, hanya ta yanke. Wata takan rasu bisa hanya.

Ma'aikatan lafiya na Nijar suna da ma'auni: wanda gidansa ya wuce kilomita 5 daga asibiti, yana nesa da magani. Adalci wajen lafiya shi ne a fara tuna irin wannan mutum.

Abin da aka riga aka yi

A shekarar 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata, suka yarda cewa lafiya hakkin kowa ce. A 1987 aka yi taron Bamako, aka ce jama'a su sa hannu cikin tafiyar da asibitinsu. Daga nan aka samu kwamitocin kula da asibiti. A 2006 gwamnatin Nijar ta ce awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne.

Amma kyauta ba ta rage nisan hanya. Uwar da ba ta da kuɗin mota ba ta kai ɗanta ba.

Inda aikin gari yake

Kowace komin tana rubuta tsarin ayyukanta na shekaru masu zuwa: rijiya, makaranta, hanya, ɗakin shan magani. Kafin a rubuta, ana zagaya garuruwa ana jin bukatun mutane. Wanda bai zo taro ba, ba a rubuta bukatarsa. Sau da yawa mata, makiyaya, naƙasassu da gajiyayyu su ne ba su zuwa.

Ga abin da gari zai yi:

1. Maigari ya aika kira har ruga da tunga, kwanaki kafin taro.
2. A ba mata da ungozoma lokacin magana.
3. A rubuta sunayen ƙauyukan da suka fi nisa. In za a gina sabon ɗakin magani ko rijiya, a fara da su.
4. A kafa asusu don ɗaukar mai naƙuda da dare. A ajiye amalanke da wanda zai kora shi.
5. Wanda ya iya karatu ya rubuta abin da aka yanke, ya karanta wa jama'a. Bayan shekara a duba abin da aka cika.

Wannan shi ne amfanin yaƙi da jahilci: magana tana tashi, rubutu yana zama.

Tambayoyi

1. Kilomita nawa ne daga garin nan zuwa asibiti?
2. Su wa ba su zuwa taron gari? Don me?
3. In naƙuda ta yi tsanani da dare, wa zai ɗauki matar?