Araha da Nagarta: Abin Lura ga Mai Cefane

A biranen ƙasar nan akwai kantunan da ke sayar da kayan masarufi da rangwame. Suna iya yin haka domin sukan sari kaya da yawa daga masana'anta, ba su kuma ɓarnar kuɗi wajen ƙawata kanti. Amma wani lokaci akan karya farashin kaya ne don kwanansu ya kusa ƙarewa. Saboda haka wajibi ne mai cefane ya lura da abu uku.

Na farko, ya duba ranar ƙarewar amfanin kayan, da lambar rajista ta hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin kula da ingancin abinci da magunguna.

Na biyu, ya guji gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko yake yoyo. Kumburi alama ce ta ƙwayoyin cuta sun hayayyafa a ciki, gubar wasunsu kuwa takan yi kisa.

Na uku, ya gwada farashi da nauyi, kada girman kwali ya ruɗe shi. Idan sukari giram 500 naira 900 ne, kilo 1 kuwa naira 2,000, to ƙanana biyu sun fi babba ɗaya sauƙi da naira 200.

Shinkafa da gishiri da sabulu suna jure ajiya, ana iya sayensu da yawa. Madara da burodi kuwa sai daidai bukata. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Wanda ya sayi lalataccen abinci, a asibiti zai cika sauran kuɗin.