Tace Ruwan Akwatin Kifi

Hirarmu ta kimiyya yau a kan kifin da ake kiwo cikin ɗaka ce. Waɗanda ke zaune a manyan birane sun sha ganin akwatin gilashi cike da ruwa a gidajen mutane, ƙananan kifaye masu launi suna kai da kawowa a ciki. A Ingila wannan al'ada ta yi ƙarfi, gama a 1853 aka buɗe wa jama'a gidan kallon kifi na farko a gidan dabbobi na birnin Landan. Sau da yawa mutum yakan saya wa 'ya'yansa irin wannan akwati, amma kafin wata ya zagayo sai ruwa ya gurɓace, kifayen su yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. To, ruwa ba ya tsami banza.

Kifin kogi ba ruwansa da shara, domin ruwa mai gudu yakan tafi da ita. Na akwati kuwa, inda ya ci nan yake kashi, nan kuma yake kwana. Saboda haka akan sa ɗan inji ya riƙa jan ruwan yana bi da shi ta cikin matata, kamar sau 4 cikin kowace sa'a. Abubuwan da akan zuba cikin matatar iri uku ne, kowanne da aikinsa.

Na farko shi ne soso da audugar roba. Su ke tare dauɗar da ido ke gani, watau kashin kifi da sauran abinci, kamar yadda rariya ke tare dusa. A sa soso mai manyan ƙofofi daga gaba, auduga daga baya. In an juya su, nan da nan audugar za ta toshe.

Na biyu ya fi duka muhimmanci, ko da yake ba a ganin aikinsa. Kifi yakan fitar da wata guba da ake kira amoniya ta kafofin numfashinsa. Ba ta da launi, don haka ruwa na iya zama garau alhali kuwa ajali ne. Masu maganinta waɗansu ƙwayoyin halitta ne da ba a gani sai da madubin likita. A 1890 wani masani ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, ya ware irinsu ya bayyana aikinsu. Kashi ɗaya na mai da amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce, sa'an nan wani kashi ya mai da ita naitiret, mai sauƙin illa. Waɗannan ƙwayoyi suna bukatar wurin maƙalewa, shi ya sa ake zuba musu tsakuwa mai ƙofofi ko zobban yumɓu gasassu. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Wanda ya cika sabon akwati da kifi ran farko, ya ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu.

Na uku shi ne gawayi, amma ba na murhu ba. Akan yi shi da ɓawon kwakwa ko kwal, a gasa shi da tururi mai tsananin zafi har ya cika da ƙananan ramuka. Da za a shimfiɗa ramukan giram ɗaya, sai su rufe fili fiye da murabba'in mita 500. Yakan tsotse wari da launin da ke rina ruwa, amma bai iya kome da amoniya ba. Bayan kamar wata guda ya ƙoshi, sai a sake. In ana ba kifi magani a cire shi, don kada ya shanye maganin.

To, ƙaƙa mutum zai san wanda yake bukata? Sai ya dubi ruwan. In ya ga ɓarɓashi na yawo, soso da auduga ne magani. In ruwan ya yi kamar shayi marar kauri, gawayi ne. In ya yi fari-fari a sabon akwati, waɗansu ƙwayoyi ne suka yawaita don abinci ya yi yawa. A rage abinci, a yi haƙuri 'yan kwanaki, zai washe da kansa. In kuwa ya yi kore, gansakuka ce, haske ya yi mata yawa. A janye akwatin daga taga, kada fitila ta wuce sa'a 8 a yini.

Saura gargaɗi ɗaya. Mutane da yawa tsabta ce ke kashe musu kifi. Sukan kwashe kayan matata su wanke tas a bakin famfo, ba su sani ba ruwan famfo na da kulorin, wanda aka zuba musamman don kashe ƙwayoyi. Aikin mako 6 sai ya rushe cikin minti ɗaya. Abin da ya kamata shi ne, kowane mako a ɗebe rubu'in ruwan akwatin cikin bokiti, a matse soso a ciki, a ɗauraye tsakuwa a hankali, a mayar. Sabon ruwan da za a ƙara a ɗiga masa maganin kulorin tukuna. Kada kuma a sake kayan matata duka rana ɗaya.

Nan za mu dakata.