Amsa Tambayoyinku: Me Bahaushe Zai Tsinta a Karatun Turai?

 Wasiƙu sun taru a gabana a nan Abuja har sun danne min kofin shayi, mai kula da na'ura kuma tun yanzu ya fara nuna min agogo. Mu je zuwa.

Ta farko doguwa ce, shafi huɗu, daga wani ɗan'uwa a Lugbe. Yana digiri na biyu a fannin tarihi da hulɗar ƙasashe, kwasa-kwasan zangon nan kuma duk a kan Turai suke. Ya rubuto sunan jami'ar da na malamansa ɗaya bayan ɗaya. Malam, na haɗiye su. Kai ka karɓi takardarka ka tafi, ni a bar ni da lauyoyi? A'a.

Ya ce malaminsu na farko dattijon farfesa ne, yana koyar da tarihin Turai daga juyin juya halin Faransa na 1789 zuwa yaƙin duniya na biyu. Takardun da yake karanto musu sun yi ja don tsufa, ba ya ɗaga kai, ba ya son tambaya. Amma ranar da ya ajiye takardar ya shiga labarin Napoliyon ko Bismak, har a manta da lokacin tashi. Ta biyu wata dakta ce da ta yi karatu a Jamus, tana koyar da Tarayyar Turai. Ita ba ta ba da rubutu, sai ta raba aji biyu ta ce a yi muhawara, makinta kuma tsada kamar haya a Maitama. Na uku shi ne mai duba masa kundin bincike, wata uku rabonsa da shi. Sai ya rufe da cewa mahaifinsa kullum gori yake masa, wai ya bar tarihin Shehu ya koma haddace sarakunan Faransa. Shin karatun nan yana da amfani?

To, da Baba zan fara, Allah ya ƙara masa lafiya. Baba, su fa Turawan nan sun daɗe suna karantar mu. A 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, ya shiga Kano da sunan Abdulkarim, ya zaga kasuwa da karofi yana rubuta yadda ake rini da inda tufafin Kano ke kaiwa. Da zai koma ya tafi da wani yaro Bahaushe, Dorugu, har Ingila, kuma daga bakin yaron nan aka kwashi Hausar da ta shiga littattafan Turawa. Yau ɗin nan ana koyar da Hausa a Hambag, ana koyar da ita a Waso ta ƙasar Folan. Da suka zauna a Balin daga ƙarshen 1884 zuwa farkon 1885 suna tsara yadda za su raba Afirka, ba su gayyaci ɗan Afirka ko ɗaya ba. Mutumin da ya san cikin gidanka haka, kai kuma ba ka san ko zaurensa ba, wa zai ci ribar ciniki?

Kuma karatun Turai bai hana na Shehu ba. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi karatu a Ingila, ya san yadda masana tarihinsu ke tace labari, sai ya dawo ya rubuta tarihin Katsina da har gobe ake kafa hujja da shi. A zamanin da yake tasowa kuwa, wani babban farfesa na Oksfod ya fito ya nuna wai Afirka ba ta da wani tarihi sai na Turawan da suka shigo ta. Wanda bai karanta su ba, ina zai san an faɗi haka, balle ya mayar da martani?

Kai kuma ɗalibi, daktar nan da kake kuka da ita, ita ce rabonka. Ka shiga tasi ka je Asokoro ka kalli hedkwatar Ekowas, sannan ka koma ajinta. Ƙasashen Turai 6 ne suka fara haɗa kai a kan kwal da ƙarfe a 1951, cikinsu har da Faransa da Jamus ta Yamma da ba su daɗe da ajiye bindiga ba. A 1957 suka sa hannu kan yarjejeniya a Rum, a 2002 takardar kuɗin yuro ta shiga aljihun mutane. Mu an kafa tamu a 1975, kuɗin bai ɗaya kuwa har yau ɗagawa ake yi. Birtaniya ta fice daga tasu a 2020, Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga tamu a 2025. Wani masani da muka taɓa hira da shi ya ce kwatanta su biyun ba daidai ba ne, don asalinsu ya bambanta. Na ji, amma ai bambancin shi ne abin binciken. Ga kundi na ba ka kyauta.

Dattijon farfesa kuwa rijiya ne, guga ake zura masa. Bayan lakca ka karɓi jakarsa ka raka shi mota, a nan za ka yi tambayarka. Mai duba kundi, ka riƙa rubuta ranar da ka kai aiki da ranar da ka koma, in abin ya ƙi ka kai wa shugaban sashe cikin ladabi. Ban da zagi a Facebook.

Wani daga Nyanya yana tambaya ko gaskiya ne ana sayen maki. Malam, kawo shaida ga hukumar makarantar, ni ba alƙali ba ne.

Wata 'yar'uwa daga Kubwa kuma... kai, jama'a! Tallafin karatu na Erasmus Mundus dai? Wannan karo na nawa ke nan? Tarayyar Turai ke bayarwa ga masu son digiri na biyu, ana karatun a jami'o'i fiye da ɗaya a ƙasashe daban-daban, kuma da kanki za ki cike ta intanet a shafin kwas ɗin da kika zaɓa, galibi daga ƙarshen shekara zuwa farkon sabuwa. Babu dillali a ciki. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi yana da hanya, ki riƙe kuɗinki ki sayi data.

An ɗaga min yatsa, lokaci ya yi halinsa. Ɗan'uwanmu na Lugbe, ka kunna wa Baba maimaicin shirin nan, ka kuma rubuto mana abin da ya ce. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.