Darasin Harshe Daga Tallan Kyamara

A unguwar Malam Inna, kusa da Jami'ar Jihar Gombe, wani mai hoto ya roƙe ni in rubuta masa tallan kyamararsa mai amfani da fim, wato Nikon FM2, samfurin da ya fito a 1982. Nan na ci karo da matsaloli biyu na harshe.

Ta farko ita ce sunan ɗan siririn allon da ke saman madubin cikin kyamara. A kansa mai ɗauka ke duba ko hoto ya fito tangaran. Nasa ya taɓa fita, ya mayar da shi da hantsaki. Idan aka sa shi a juye, ido zai ga daidai, amma hoton ya fito dishi-dishi. Hausa ta ari "hoto" da "fim" da "kyamara", amma wannan allo ba shi da suna. Sai na dubi aikinsa, na kira shi "allon saiti".

Ta biyu kuwa, "kyamara ta hannu" tana da harshen damo: wadda aka yi amfani da ita, ko wadda ake riƙewa a hannu? Mai saye na iya cewa an yaudare shi. Don haka na rubuta: "An yi amfani da ita, kuma an taɓa mayar da allon saitinta."

Aiki: Kawo wasu jimlolin ciniki uku masu harshen damo, ka warware su.